Wa Ke Shaƙar Maganin Injiniya?

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban 'Yan Biyu da yaran gaba ɗaya. Allah ya sa gwiwar nan ta sake ki, ya ƙara rufa asiri, ya tsare mana ku a inda kuke. Mu a nan lafiya lau, sai godiya. Cikin ya shiga wata na bakwai, kuma abin da ke ciki ba ya da kunya ko kaɗan, da na zauna zan buɗe littafi sai ya fara harbi. Ɗanki Injiniya ya cika shekara huɗu, makon jiya ya kwance mana fanka har ƙusa ta ƙarshe, da aka tambaye shi ya ce yana neman inda iskar take kwana ne. Inna mahaifiyarku tana lafiya, tana zuwa duk Asabar kamar yadda ta saba. Ƙaninki, maigidan nawa, shi ma yana nan, aikin fentin mota ya yi musu yawa a gareji.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To, kin san halinki, da kin ɗauka sai ki buɗe murya kowa ya gaisa, ni kuma maganar da ke bakina ba ta taro ba ce. Na ba direban da ke kai muku kaya, ya ce jibi tana hannunki. Ki karanta ke kaɗai, kuma ki yi haƙuri da tsawonta, kin san ban iya taƙaita labari ba.

Wata huɗu da suka wuce, ranar da na je awo, wata nas mai tabarau ta ja ni gefe. Ta ce suna wani bincike ne a kan dalilin da ya sa wasu yara ke kamuwa da asma wasu kuma ba sa kamuwa. Suna bin mace tun tana da ciki, su ga iskar da take shaƙa da abin da ke cikin gidanta, sannan su ci gaba da duba jaririn har ya shekara biyar. Da ta ji ina da yaro mai asma a gida sai ta ce shi ma suna son su riƙa ganinsa duk wata. Na dawo na gaya wa ƙaninki. Ya ce wai duk matan da ke layin awo me ya sa sai ni. Daga baya ya amince, don an ce likita zai riƙa duba Injiniya ba sai mun bi dogon layi ba.

Masu binciken su uku suka hawo mana bene har hawa na uku. Yaya, ban taɓa ganin tambaya irin tasu ba. Da me nake girki, ina buɗe taga ko a'a, muna kunna maganin sauro, akwai kyanwa, bangon banɗaki yana jiƙa, wane magani na sha lokacin cikin Injiniya, haihuwarsa da kaina ne ko aiki aka yi. Ɗayansu ya fito da wani ɗan inji ya zuƙe ƙurar katifarmu, ya ɗure ta a leda, ya rubuta lamba a kai kamar wata dukiya. Sannan suka rataya wani ɗan akwati a bangon falo, wai yana auna iska. Ni kuwa da na karanta labarai nawa da aka dasa wa mutane abin naɗar murya a ɗaki, suna sauka na lulluɓe shi da ɗankwali. Mako guda ina magana ƙasa-ƙasa a falona. Da nas ɗin ta dawo ta gani, ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce na ɓata musu awon kwana bakwai, kuma in kwantar da hankalina, akwatin hanci gare shi, ba shi da kunne.

A ranar farkon nan akwai tambaya guda da nake so ki riƙe. Nas ta tambaya ko a cikin iyayen yaron akwai wanda ya taɓa yin asma ko numfashi mai fito, ko da a ƙuruciya. Na ce ni dai ban sani ba a kaina. Ƙaninki kuwa tun ba ta rufe baki ba ya ce babu. Asabar ce, Inna tana zaune, ta ajiye kofin shayinta ta ce a zuriyarsu ko tari mai tsawo ba a yi, masu bincike su nemi asalin abin a wani wuri. Tana faɗa tana kallon cikina. Wannan ba sabo ba ne a wurina. Shekara uku ke nan, tun ranar da aka fara kwantar da Injiniya, nake jin cewa a nono ya tsotsa, ko ruwan sanyin da na sha da cikinsa ne, ko ƙurar tsofaffin littattafan da nake kwanciya da su. Na haɗiye, har ma na yarda. Sau nawa na zauna ina lissafa dangina, ina neman wanda ya taɓa yin tari don in san inda na ɗauko wa ɗana wannan wahala.

Yanzu ga maganar. Sun ba mu sabon abin shaƙa, irin mai ɗan tagar lamba a baya, duk feshi ɗaya lambar ta ragu da ɗaya. Suka haɗa mini da ɗan littafi mai layi-layi, duk lokacin da na ba yaron in rubuta rana da sa'a da yawan feshi. Na ɗauki abin da muhimmanci, don ban taɓa riƙe littafin da ni ce mai rubuta shi ba. Ƙarshen wata na farko, nas ta gwada lambar da rubutuna, feshi goma sha huɗu sun ɓata. Wata na biyu, ashirin da biyu. Wata na uku, sun haura talatin. Ta ce ɗayan uku ne: ko yaron yana wasa da shi, ko ina mantawa ban rubuta ba, ko kuma ciwon yana tashi fiye da yadda nake faɗa. Likita ya ce idan lambar ce gaskiya, to ciwon ya ƙaru sosai, kuma a zuwanmu na gaba, wato Alhamis ɗin nan mai zuwa, zai ɗora shi a kan wani magani mai ƙarfi na kullum. Da za mu fito, nas ta hango littafin labari a jakata, ta ce a hankali, ko karatun ne yake ɗauke mini hankali. Ba da mugunta ta faɗa ba, amma har na iso gida maganar tana ƙuna.

Ni dai na san ɗana. Watannin nan uku sun fi kowane lokaci sauƙi a gare shi, yana gudu a tsakar gida da yaran maƙwabta, yana dawowa da yunwa. Na san kuma ban tsallake ko feshi ɗaya ba. To wa ke shaƙar maganin?

Na fara da Injiniya, tunda shi ne mai tarihin kwance kaya. Na mayar da abin saman kabad, inda ni kaina sai na taka kujera. Lamba ta ci gaba da raguwa. Sai na koma kan maƙwabciyata tela, da ke shigowa aron dutsen guga, don tsohuwarta tana tari. Kwana huɗu ina binta da ido har ɗaki, baiwar Allah har ta tambaye ni ko ta yi mini laifi. Daga nan na zargi masu binciken kansu, na ce ƙila sun saita lambar ta riƙa sauka da kanta don su sami hanyar gwada maganinsu a kan ɗana. Na zauna sa'a biyu cur ina kallon ɗan tagar nan, ko motsi ba ta yi ba. Allah ya yafe mini, har Inna sai da ta shiga lissafina. Na ce ko tana fesar da shi a iska ne ranar Asabar don a ce ni sakarya ce. Amma lambar tana sauka ranar Talata ma, Inna kuwa tana gidanta. A littattafai mai laifi shi ne wanda ya fi kowa murmushi. A gidanmu kowa yana murmushi, sai na rasa inda zan kama.

Daga ƙarshe na ari dabarar wata yarinya da na karanta labarinta. Na ajiye abin shaƙan bakinsa yana kallon bango, na sa ɗan zare baƙi a ƙarƙashinsa. Washegari da safe, bayan ƙaninki ya fita aiki, na taka kujera. Bakin yana kallon taga, zaren yana ƙasa, lamba ta ragu da biyu. Mutum ɗaya ne a gidan nan hannunsa ke kai wa saman kabad yana tsaye.

Kada ki yi mini dariya. Ko a lokacin ban kawo gaskiyar a raina ba. Abin da na fara tunani shi ne akwai wani yaro a wani wuri. Kwana uku na gina labarin tsaf: wani ɗaki a bayan gareji, wani yaro mai irin kunnuwan ƙaninki, yana numfashi da ƙyar, uban yana satar masa maganin ɗan'uwansa. Har kuka na yi wa yaron da babu shi. Sai da na tsaya na tambayi kaina, ta yaya ake ɗaukar feshi biyu a kai wa wani, alhali abin bai bar gidan ba? Feshi ba ya shiga aljihu. Duk wanda ya shaƙa, a ɗakin nan ya shaƙa.

Sai na yi abin da har yanzu nake jin nauyinsa. Na sauko da abin shaƙan na sa shi a aljihun rigata, ina yawo da shi duk inda na shiga. Ranar Litinin da safe ina kicin na ji ana laluben saman kabad. Ya fito ya tambaye ni, kamar ba komai, ina maganin yaron, wai yana so ya tabbatar yana kusa ne. Na ce yana kusa. Ranar Talata bai tambaya ba, amma bai gama shayinsa ba, ya ce zafi ake yi, ya tsaya a bakin taga. Ranar Laraba ya yi mana sallama ya fita da misalin ƙarfe bakwai. Kin san babur ɗinsa, in ya tayar da shi duk benen sai ya ji. Na wanke kofi uku ban ji ƙarar ba. Na goge hannu na bi bayansa.

A hawa na biyu na same shi, zaune a kan matakala, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Tun kafin in gan shi na ji sautin. Yaya, shekara uku ina kwana ina tashi da wannan ɗan fiton a ƙirjin ɗana, ko a cikin kasuwa na ji shi zan gane. Na ciro abin na miƙa masa. Abin da ya fi tsaya mini ba karɓar da ya yi ba ne, yadda ya yi amfani da shi ne. Ya girgiza, ya fitar da numfashi duka, ya danna daidai lokacin da ya ja, ya riƙe iskar yana ƙirgawa da yatsu. Ni sai da nas ta nuna mini sau biyar kafin in iya ba yaro. Wannan hannun ba jiya ya koya ba.

Da numfashinsa ya daidaita, ya fara da cewa ƙura ce. Na tsura masa ido. Ya ce sabon fentin da suke fesawa ne yake da ƙarfi, wata huɗu ke nan yana matse masa ƙirji da safe. Na ci gaba da kallonsa. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce wai yana yaro ƙirjin ya ɗan dame shi, amma ya bar shi tun yana ɗan shekara goma sha biyu, har ya manta. Ya roƙe ni abu biyu. Na farko, kada mutanen asibiti su ji, don idan magana ta kai ga mai gareji cewa fenti yana kayar da shi, za a karɓe bututun feshin a ba wani, shi kuma bai iya wata sana'a ba. Na biyu ya shafi Inna, kuma ina so ki lura da yadda ya faɗa. Bai ce kada in gaya wa Inna yana da ciwo ba. Ya ce kada in bari Inna ta san na sani.

Tun daga ranar abubuwa suke ta dawo mini. Shi da ya ce bai taɓa son ƙwallo ba, amma ba ya wuce filin yara bai tsaya kallo ba. Makarantar da ya ce ya fara a makare don ta yi nisa, alhali ke kin ce mini a bakin layinku take. Sai kuma ke, Yaya. Kin tuna zuwanki lokacin da ciwon Injiniya ya fara tashi, ina ihu ina jijjiga shi? Kika karɓe shi, kika zaunar da shi ya ɗan karkata gaba, kika sa aka buɗe tagogi, kika hana a ba shi ruwa, kina yi masa magana a kunne har muka isa asibiti. Da na tambaye ki inda kika koya, kika ce abin duniya ne, kika shiga yabon labulena. 'Yan biyunki ba su taɓa yin asma ba. A kan wa kika koya?

Ba ina neman in juye laifin daga kaina zuwa kanku ba ne. Na tambayi nas ɗin tun kafin wannan, ko da gaske a nono ake tsotsa. Ta ce ba laifin kowa ba ne, gado yana iya zuwa ta uwa ko ta uba ko ma bai zo ba, iska da hayaƙi da abin da ya faru tun yaro yana ciki duk ana zaton suna da hannu, kuma da sun san amsar gaba ɗaya da ba su hawo benena da injin zuƙar ƙura ba. Na yarda da ita. Amma ciwon da aka ɓoye ba ya jin magani. Akwai takarda a asibitin nan da ta ce uban yaran lafiyarsa ƙalau tun haihuwa. Takardar ta kuma ce yana barin tufafin aikinsa a gareji, saboda abin da ya gaya musu ke nan, alhali ni nake wanke su da hannuna kullum, da cikin nan, warin fentin yana hawa mini kai. A kan wannan takarda za su auna abin da zan haifa har shekara biyar. A kanta kuma za a ɗora ɗan shekara huɗu a kan magani mai ƙarfi saboda feshin da babansa ya shaƙa.

Na tausaya masa, Allah ya sani. Na gan shi a matakalar nan kamar yaron da aka kama da abin da ba nasa ba, na ji kamar in zauna kusa da shi mu yi kuka tare. Amma kuma na tuna duk Asabar ɗin da yake zaune yana cin abinci Inna tana ce mini a danginmu aka kwaso, bai taɓa ɗaga kai ba. Ban san abin da zan yi da wannan ba tukuna. A littafi da tuni na haɗa kayana ko na yafe masa a shafi na ƙarshe. A nan kuwa da safe na haɗa masa shayi, ya ce ya gode, muna ta kauce wa idon juna.

Ban yi masa alkawarin komai ba. Da na hau sama ranar, na ɗauko ɗan littafin nan. Na saba rubutawa da fensir, amma na nemi biro. Na sa kwanan wata, na sa ƙarfe bakwai da kwata, na sa feshi biyu. Ba su bar gurbin rubuta wanda ya shaƙa ba, don ba su yi zaton za a buƙata ba, sai na rubuta a gefe: babansa. Na bar littafin a buɗe a kan tebur. Ya gani da ya dawo, ya daɗe yana kallo, bai yaga ba.

Abin da nake roƙo a wurinki biyu ne. Ki kira ƙaninki kafin Alhamis, a wayarsa, lokacin yana wurin aiki. Ke kika goya shi, maganarki yana ji. Ki ce masa ya biyo ni asibiti ya faɗa da bakinsa, a gyara takardar, a duba ƙirjinsa, a ba shi nasa maganin, a gaya masa yadda zai kare kansa daga fentin. Wataƙila ma ba sai ya bar aikin ba, wannan likita ne zai faɗa, ba tsoro ba. Na biyu, ki rubuto mini gaskiya, ko layi biyu ne: Inna ta manta ne, ko tana sane take kallona tana faɗa? Ba zan tunkare ta ba, uwa ce, kuma na san mace tana iya binne abin da ya ba ta tsoro har ta rantse bai faru ba. Ina dai so in san da wa nake zaune ranar Asabar.

Ki gaishe mini da Baban 'Yan Biyu da kyau, da Hassana da Usaina, ki ce musu littattafan da na yi musu alkawari suna nan na ɗaure. Ki gaishe da Autanki, da Gwaggo mai ƙosasshiyar dariya, da maƙwabciyarki malamar makaranta da ta yi mini kirki lokacin da na zo. Injiniya yana gaishe ki, ya ce ki aiko masa da rediyon da ya lalace, ba ya son mai aiki.

Ranar Alhamis ƙarfe tara ne lokacin ganin likita. Na riga na gaya wa ƙaninki zan jira shi a ƙasan bene har takwas da rabi. Idan ya sauko mu tafi tare, alhamdu lillahi. Idan bai sauko ba, zan kama hannun ɗana mu tafi, littafin yana cikin jakata.

Wassalam. Taki har kullum,
ƙanwarki, Maman Injiniya